Kwamfutar da ke tashi yau ta ƙi gobe: A kwafe faifai kafin a kama hanyar Yamai

Daga Filinge zuwa Yamai tafiyar kilomita kusan 180 ce a kan hanyar RN25 da ta ratsa Baleyara. Ga mai kwamfuta a ƙasar Kurfai ko a Tondikandiya da ke kudu da ita, sau da yawa wannan ce tazarar da ke tsakaninsa da mai gyara mai cikakkun kayan aiki. Tafiyar ma ba kullum take da sauƙi ba, domin jihar Tillaberi ta daɗe cikin matsalar tsaro, kuma tun daga Janairun 2020 an sha hana zirga-zirgar babura a sassanta.

Ɗauki misalin malamin makaranta a Damana, babban garin Tondikandiya, yankin da ya haifi Janar Seyni Kountché wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987. Ƙaninsa da ke ci-rani a Kumasi ko Legas ya aiko masa da laftof ta hannu. Cikinta akwai makin ɗalibai na zango biyu, da lissafin ƙungiyar manoman garin, da hotunan suna da na biki, har da hoto ɗaya tilo na mahaifinsu da ya rasu.

Ranar Litinin ta tashi lafiya. Talata ya danna, sai baƙin allo da wani rubutu da bai saba gani ba. Ya kashe ya kunna har sau uku, a na huɗu ta tashi, ya ce ai ta huce. Haka suka yi ta yi wata biyu. Ranar da aka ce a kawo maki, ta ƙi tashi kwata-kwata.

Waɗannan watanni biyu su ne damar da ya samu. Kwamfutar da ke tashi wani lokaci ta ƙi wani lokaci tana cikin hali mafi haɗari, amma kuma a lokacin ne ceton abin da ke cikinta ya fi araha. Abin da ya kamata a fara yi duk ranar da ta yarda ta tashi shi ne a kwashe kayan ciki. Binciken abin da ke damunta ya zo daga baya.

Maganin da ke kashe majiyyaci

A shaguna da yawa, daga Yamai zuwa Titin Beirut a Kano, amsar farko da ake ba mai irin wannan matsala ita ce a yi mata fomatin. Wato a share faifan ajiya, wanda masu gyara a Najeriya ke kira had-dis, na Nijar kuma diski-dur, a ɗora sabon Windows. Aiki ne na awa ɗaya, kwastoma ya ga allo ya haska, ya biya ya tafi.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Na kai tawa wani shago, mai shagon ya tambaye ni ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, na ce suna cikin folda ɗaya. Ya kwafe wannan foldar, ya share sauran. Sai da na koma gida na tuna hirarrakin da na naɗa na shekara guda suna wani wurin daban. Bayan mako uku kuma matsalar ta dawo, domin faifan ne ke mutuwa tun farko, ba Windows ba. An je gyaran gira an rasa ido.

Ba ina cewa fomatin ba shi da rana ba. Idan Windows ne ya lalace, yana magani. Sai dai ba a yin sa kafin a tabbatar da abu biyu: an kwafe komai, kuma faifan lafiyarsa ƙalau.

A ina take tsayawa?

Babbar wahalar matsalar da ke zuwa ta tafi ita ce ranar da aka kai kwamfutar shago sai ta tashi kamar ba ita ba. Don haka mai ita ne ya fi kowa iya tara hujja. Duk lokacin da ta ƙi tashi, ka ɗauki hoton allon da wayarka, ka rubuta ko da safe ne ko da tsakar rana, a kan batir take ko a jone, da wutar NIGELEC ko sola ko janareta. Hoton yana da amfani ƙwarai, domin ko da yake Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, kwamfuta har yanzu da Faransanci ko Turanci take kuka, kuma ba kowa ne zai iya maimaita wa mai gyara abin da ta rubuta ta waya ba.

Idan ka danna maɓalli ba fitila ba ƙarar fanka, zargi yana kan wuta: caja, ko bakin da ake jona ta, ko batir. Cajar jabu ta cika kasuwa. Laftof da ke buƙatar wat 65 ko 90 aka jona mata mai wat 45 za ta iya tashi idan batir na da caji, ta ƙi idan ya yi ƙasa. Ara cajar asali irin tata ka gwada kwana biyu, gwaji ne da ba ya cin ko dala.

Idan fitila ta kama, fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin, wani lokaci da 'yar ƙara ko fitilar da ke ƙiftawa, galibi RAM ce ta ɗan saki ko ƙura ta shiga bakinta. Laftof da ta sha girgizar hanya a bayan mota ko babur tana yawan yin haka. Cire ta a mayar da kyau yakan wadatar, kuma manhajar MemTest86 tana gwada ta kyauta.

Akwai kuma ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo a jikin babban allon kwamfutar, yawanci CR2032 mai volt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato tsarin da ke fara farkawa kafin Windows. Idan ya mutu za ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, kuma saitin da ke gaya wa kwamfuta inda za ta nemi Windows zai iya sauyawa. Sai ta ce ba ta ga faifai ba alhali faifan lafiya lau. Kwamfuta ta hannu da ta haura shekara biyar, wannan batir na cikin abubuwan da ake fara dubawa, kuma shi ne mafi arha a duk jerin.

Inda hankali ya kamata ya tashi shi ne idan tambarin kamfani ya fito, sannan aka ga “Boot Device Not Found”, wanda a kwamfutocin HP yakan zo da lambar 3F0. Haka nan idan Windows ya fara tashi ya maƙale yana ta zagaye, ko ya riƙa shiga gyaran kai, abin da mai Windows na Faransanci zai gani an rubuta “Préparation de la réparation automatique”. Yana iya zama wayar faifan ce ta saki. Yana iya zama ɗaukewar wuta ce ta lalata fayilolin Windows. Amma idan abin na maimaituwa, kwamfutar ta ƙara nauyi, wasu fayiloli sun daina buɗewa, to a ɗauka faifan ne har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Wuta, ƙura da zafi

Tsohon faifan ajiya inji ne mai motsi. Cikinsa akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi a samansa yana karatu da rubutu, tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Faɗuwa ɗaya yana cikin aiki ta isa ta karce farantin.

Ɗaukewar wuta farat ɗaya tana katse rubutu a tsakiya. Laftof mai batir lafiyayye tana da kariya, amma da yawa daga cikin na hannu batirinsu ya mutu, sun zama kamar kwamfutar tebur: wuta na tafiya suna mutuwa. A Nijar, inda kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma ba a dawo da ita ba sai a Maris 2024. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ke kusa da Yamai ta rage raɗaɗi, amma duk wanda ya yi aiki da kwamfuta a waɗannan watanni ya san sau nawa ta mutu a hannunsa.

Ƙurar hunturu kuwa tana toshe fanka, sai zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ya tarar da kwamfutar ba ta iya numfashi. Wadda ke tashi da asuba ta riƙa mutuwa bayan azahar, a fara buɗe ta a share ƙura. A daina kuma ɗora laftof a kan katifa ko darduma.

Faifai yakan faɗi ciwonsa, amma ba kullum ba

Kowane faifai na zamani yana ajiye rahoton lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce kuma ƙarama, tana karanta shi: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma a gaggauta. Layukan da suka fi muhimmanci su ne 05 da C5 da C6, masu ƙirga guraben da suka lalace ko suke shirin lalacewa. Idan ba sifili ba ne, musamman idan adadin na ƙaruwa daga mako zuwa mako, kwanan faifan ya kusa ƙarewa. Ko Windows bai tashi ba, kwamfutocin Dell suna da gwaji na cikin gida ta maɓallin F12, na HP kuma ta Esc sannan F2.

A 2007 injiniyoyin Google sun wallafa binciken da suka yi a kan faifai sama da 100,000 na kamfanin. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a binciken farantinsa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Sun kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ta SMART ba ko kaɗan. Ma'ana, rawaya hujja ce ta gaggawa, amma shuɗi ba takardar wanke kai ba ce.

Idan kuwa kana jin ƙarar ƙas-ƙas daga ciki, kashe ta nan take. Kowane kunnawa yana ƙara karce farantin. Kada a sa shi a firiji kamar yadda wasu ke ba da shawara, kada a buga shi, kada kuma a bari wani ya kwance murfinsa a kan tebur, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ƙarasa shi. Wannan aikin masu ɗaki na musamman ne, kuma kuɗinsa yakan fi na kwamfutar.

Yadda ake kwafin

Kwafi iri biyu ne. Na farko shi ne ɗebe fayiloli zuwa filash ko faifan waje. Na biyu shi ne yi wa faifan tagwaye, a kwafe shi ɗungurungum da Windows da manhajoji da saiti, ta yadda za a cire tsohon a sa sabon, kwamfutar ta tashi kamar ba abin da ya faru.

A fara da na farko, kuma a fara da abin da ba a iya sake samu: takardu, hotuna, muryoyin da aka naɗa. Fina-finai da waƙoƙi su jira, ana iya sake turo su a kasuwa. Mutane da yawa suna zaɓar komai lokaci guda, faifan ya ƙare ƙarfinsa a kan finafinan Indiya, ya mutu kafin ya kai ga takardu. A duba saman allo, da foldar saukarwa, da ɓangare na biyu na faifan idan an raba shi. Idan kwamfutar ta ƙi tashi, ana iya cire faifan a sa shi a 'yar akwatin USB a jona wa wata kwamfutar, ko a tashe ta da Linux daga filash.

Ga tagwaye, idan faifan bai fara ciwo sosai ba, Clonezilla ta isa. Manhaja ce kyauta da wata cibiyar bincike ta Taiwan ta samar, kuma Rescuezilla ta fi ta sauƙin amfani ga wanda bai saba ba. Amma faifan da ke da guraben da suka lalace yana sa irin waɗannan manhajoji su tsaya ko su yi ta nanata wuri ɗaya har ya ƙarasa. Nan ne GNU ddrescue ta fi kowa. Tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu ciwo, sai daga ƙarshe ta dawo musu. Tana kuma rubuta taswirar inda ta tsaya, don haka idan wuta ta ɗauke ana ci gaba daga nan, ba sai an koma farko ba. Ga mai aiki a Damana ko Bonkuku ko Filinge, wannan siffa kaɗai ta isa dalilin koyon ta. Duk matashin da ke son ya yi fice a sana'ar gyara, a ganina, ita ya kamata ya ƙware a kai kafin komai.

Akwai kurakurai da ba su da gyara. Mafi muni shi ne juya kwafin, a ɗora sabon faifai marar komai a kan tsohon. Waɗannan manhajoji ba sa kiran faifai da C ko D, sunaye irin sda da sdb suke ba su, don haka a duba girma da sunan kamfani da lambar jikin kowanne sau biyu kafin a danna. Na biyu shi ne sakin chkdsk, manhajar gyaran faifai ta Windows, a kan faifan da ke mutuwa kafin a kwafe shi. Tana wahalar da shi na sa'o'i, kuma tana iya yanke fayilolin da ba ta gane ba. Gyara a kan kwafin ake yi. Sannan sabon faifan ya kai girman tsohon ko ya fi shi. Mai son komawa daga gigabait 500 zuwa SSD mai 256 sai an fara matse ɓangarorin tsohon, kuma ba a yi wa marar lafiya wannan.

A yi lissafin lokaci ma. Ta tsohuwar kafar USB 2.0, cikakken gigabait 500 yana cin kusan awa huɗu ko fiye. Ta USB 3.0, mai shuɗin baki, bai cika wuce awa biyu ba. Faifai mai ciwo kuwa yana iya cin kwanaki. Mai sola ya fara da hantsi, mai janareta ya tabbatar da mai. Wani ɗan abin da ke rikita mutane: allon rubutu na Nijar tsarin AZERTY ne, na Najeriya da Ghana QWERTY, kuma manhajojin ceto sukan ɗauka na biyun ne. Sai mutum ya yi ta buga kalmar sirri daidai ana ce masa kuskure.

Bayan an gama, a cire tsohon faifan, a tashi kwamfutar da sabon shi kaɗai, a buɗe fayiloli da dama a gani da ido. Tsohon a naɗe shi a ajiye wata guda aƙalla, kada a yi saurin share shi.

Saƙo ga masu aikowa daga waje

Yawancin kwamfutocin da ke ƙauyukan Kurfai da Tondikandiya wani ne ya aiko ko ya zo da su, kuma mai aikowar yana iya kawar da rabin wannan wahala tun kafin ya ba direba saƙo.

Abu na farko shi ne BitLocker, makullin da Windows ke sa wa faifai. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, kuma mabuɗin ceto mai lamba 48 yana tafiya cikin wannan asusu. Ranar da aka taɓa BIOS ko aka cire faifan aka kai wata kwamfutar, sai ta nemi lambar. Idan asusun na ɗan'uwan da ke Abidjan ne, ana iya kiransa. Idan na wani kamfani ne a Turai da ya sayar da ita shekaru uku da suka wuce, babu mai gyaran da zai iya buɗewa. Kafin ka aika, ka ɗora Windows sabo, ka rubuta lambar a takarda, ka kuma ajiye hotonta a wayarka.

Na biyu, ka sauya tsohon faifan da SSD. Ba shi da abin da ke juyawa, don haka girgizar hanya ba ta dame shi ba, ya fi sauri, ya fi ƙarancin cin wuta. Aibinsa shi ne yakan mutu ba sallama, kuma ceto daga cikinsa ya fi wuya, don haka bai ɗauke wa kowa yin kwafi ba. Tsohon faifan, idan lafiyayye ne, a sa shi a akwatin USB ya zama rumbun ajiya. Ka haɗa da cajar asali da batir mai rai.

A kula da filash ɗin da aka rubuta wa terabait ɗaya ko biyu ana sayar da shi kuɗin katin waya. Yawanci ƙarami ne aka yi wa dabara ya riƙa nuna girman ƙarya, zai karɓi fayiloli ya nuna sunayensu, ranar buƙata a tarar ba komai. Manhajar H2testw tana tona asirinsa. Takardu masu muhimmanci kuma, da yake ba su da nauyi, ana iya tura su Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, duk ranar da aka samu sabis mai kyau na Airtel ko Moov ko Zamani.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista, kuma Windows 11 ba ya karɓar yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017. Kamfanoni a Turai da Amurka suna sauke tsofaffin injinansu, kuma ba sai an yi duba ba a san wace kasuwa da yawansu za su nufa. Za su yi araha, wasunsu ma nagari ne. Sai dai faifan da ke ciki ya riga ya yi shekaru yana aiki. CrystalDiskInfo tana nuna awannin da ya yi a kunne, kuma mai saye yana da haƙƙin ya ce a buɗe masa ya gani kafin ya biya.

Saura batun sirri. Wanda ya kwafi faifanka ya kwafi rayuwarka: hotunan iyali, takardun banki, kalmomin sirrin da burauza ta adana. Nijar tana da hukumar kare bayanan jama'a ta HAPDP, Najeriya ma ta yi dokarta a 2023, amma hoton da ya riga ya shiga WhatsApp ba hukumar da ke iya dawo da shi. Idan aikin ya kai ga shago, ka je da faifanka na kwafi, ka zauna a yi a gabanka, ka kuma karɓi tsohon faifan ka tafi da shi ko an ce maka ya mutu. Ga sakataren ƙungiya ko ma'aikacin magajin gari da ke riƙe da sunayen mutane da lambobinsu a yankin da tsaro ya taɓarɓare, wannan ya wuce batun jin kunya.